Farcen Kumasi

Ban taɓa son Jibo ba, kuma ba yanzu da furfura ta kama ni zan fara ba. Tun ranar da mota ta sauke su a tashar Konni, shi da mijina, na gane irin mutanen nan ne da idonsu ke kan abin hannun wani ko da nasu hannun cike yake.

Shekarar da aka kori baƙi daga Gana ke nan. Mazan ƙauyenmu, Bazaga, da suka tafi Kumasi neman arziki duk suka dawo a bayan manyan motoci, wani da bargo, wani da fitila, wani da rigar jikinsa kawai. Mijina Munkaila, wanda ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba sai yanzu da ba ya ji, ya dawo da wani ɗan gwangwanin taba a aljihu, da babban yatsan dama wanda injin yanka katako ya ɗauke wa kai, har da farcen. Jibo kuwa ya sauko rungume da jita, yana ta waige ko mutane na kallonsa.

Jibo ɗan Gwaggo Tsahara ne, ƙanwar uban mijina. Taubasai ke nan. Tsakanin taubasai zagi halal ne, ɗan mace bawa, ɗan namiji ubangida, kuma duk abin da aka faɗa ba a fushi. Al'ada ce mai daɗi a hannun masu son juna. A hannun waɗannan biyun kuwa ta zama rumfar da suke shiga su yanki juna ba mai cewa ku bari.

Abin da ya haɗa su ya kuma raba su shi ne jitar nan. Ta Jibo ce, shi ya saya, ba wanda ya yi masa gardama. Sai dai bai iya ta ba. In ya ɗauka, wayoyin shida duka yake kwaɗawa da bayan yatsu, sama da ƙasa, kamar mai kakkaɓe tabarma. Maigidana shi ya zauna wurin mutanen Kumasi a gidan katako ya koya. Babban yatsansa yana tafiya kan wayoyi masu kauri, manuninsa yana tsintar sirara, in ka rufe ido sai ka rantse mutum biyu ke kiɗan. Da injin ya taɓa shi ya ɗauka shi ke nan, don tabon ba ya jure waya, kuma ba farcen da zai ja ta. Wani abokin aikinsa ne ya samo masa abin da ke cikin gwangwanin.

Ɗan abu ne kamar zoben da ba a haɗe bakinsa ba, da ɗan harshe a gefe, launinsa ruwan zuma da ɗige-ɗigen baƙi. Shi farce yake ce masa, mu ma muka bi. Yana sa shi a guntun yatsan sai ya kama tsam, harshen ya tsaya daidai inda farcen Allah ya kamata ya kasance. Da shi yake tsintar waya ɗaya-ɗaya, in kuma 'yan rawa sun miƙe sai ya dafe shi da manuni ya share wayoyin duka da ƙarfi, ya koma tsinta ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba. In ya ji ya yi sako-sako, sai ya ce in kawo masa ruwan ɗumi a kofi, wanda yatsa zai iya zama a ciki. Ya tsoma shi kaɗan, ya matse a yatsa, ya bar shi ya huce a nan. Ban taɓa ganin ya bar wani ya riƙe shi ba, har ni.

Ba mu koma Bazaga ba, don hannun ba ya riƙe hauya yini guda. Muka kama ɗaki a Konni. Ni ina tuyar ƙosai a tasha, Jibo ya koma wurin dangin ubansa mahauta, tukubarsa tana kallon kaskona. In ana suna ko an yi wa wani ma'aikaci canjin gari, sai a aiko a zo da jita da la'asar. Wurin Jibo ake zuwa, tunda shi ne mai ita, amma kafin ɗan aiken ya juya sai ya tambaya, "Munkaila dai na zuwa ko?" Kullum sai an yi tambayar nan, kuma kullum ina ganin yadda wuƙar Jibo ke sauka kan nama bayan an yi ta.

Haka za su tafi, Jibo ya ɗauko jita a kafaɗa har wurin biki, ya miƙa, ya koma gefe yana buga kwalba da ƙusa.

"Amshi, mai yatsa tara da rabi," in ji Jibo. "Yi suna da kayan mutane."

"Kawo nan, bawana. Aikinka ɗauka, kuma ka iya shi."

Mutane su fashe da dariya, su ce kai, taubasan nan akwai wasa. Ni da na san su haƙora kawai nake gani.

Zan faɗi gaskiya, ina son kiɗan nan fiye da yadda ya kamata matar aure ta nuna. Mutumin da Gana ta dawo mini da shi ba mai magana ba ne. Yakan zauna a ƙofar ɗaki ya ɓoye hannun dama cikin riga, in yara sun zo gaishe shi ya miƙa musu hagu. Sai ya sa farcen nan ne nake ganin saurayin da ya yi ta zarya gidanmu a Bazaga, kafaɗa a buɗe, ido yana wasa. In ya gama ya dawo gida har labari yake ba ni. Saboda haka ba ruwana da wai abin ɗan ƙarami ne. Ni na san abin da yake riƙe da shi.

Ranar cika-ciki ta zo. A ranar ce ɗan mace ke zuwa da tsintsiya ƙofar ɗan namiji, ya ɗan share, a ba shi kyautar da ake ce wa shara. Na shirya tun da wuri, na ɗaure zakara, na sayi sabuwar hula, don kada Jibo ya sami abin faɗa. Da hantsi sai ga shi da tsintsiya a hammata, Gwaggo Tsahara tana biye, maƙwabta sun fito kallo don an san in waɗannan sun haɗu za a sha dariya. Maigidan yana zaune kan tabarma, gwangwanin a buɗe gabansa, bai daɗe da gyara farcen ba, saboda jibi akwai suna gidan Mahamudu ma'aikacin duwan, wato kwastan, kuma an ce har manyan gari za su zo.

Jibo ya ja tsintsiya sau ɗaya a ƙasa, ya tura mana ƙurar cikin ɗaki. Na miƙa zakara da hula. Ko kallonsu bai yi ba. Ya sunkuya kamar zai gaishe da ubangidansa, ya sa yatsu biyu cikin gwangwanin ya ɗauke farcen.

"Ban son zakara. Wanga nika so."

"Aje shi, Jibo."

"Jama'a kun ji? Ashe ubangidan nau matsiyaci na. Bawa ya yi shara, an hana mishi ɗan zobe."

Aka yi dariya. Maigidan bai yi ba. Ya miƙe tsaye, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ce a raina yau dai za a yi ta ta ƙare. Sai Gwaggo Tsahara ta shiga tsakani tana tafa hannu.

"Haba ɗana! Ranar shara za ka yi hushi da ɗan gwaggonka? Abin da bawa yat taɓa yau nashi na, haka munka iske. Wasa na, in ya gaji shi maido ma."

"Gwaggo, wanga ba abin wasa ba na," na ce. "Da shi yaka ci, da shi muka ci."

"Ke Saratu, rufa min baki. Ba a sa baki cikin wasan taubasai. Ke wa ya kira ki?"

Na rufe, don ba a ja da gwaggon miji a gaban mutane. Maigidan ya dubi gwaggonsa, ya dubi maƙwabta da ke jiran su ga ko zai kunyata kansa. Ya koma ya zauna.

"Ka san ba shi shiga yatsanka," ya ce.

"Shi shiga," in ji Jibo. Ya jefa farcen a aljihu, ya kuma ɗauki zakaran da ya ce ba ya so.

Abin da Jibo ya ƙudura ba ɓoyayye ba ne. Ya daɗe yana gaya wa abokansa a tasha cewa Munkaila ba wani iyawa ya yi ba, sirrin a zoben yake, ba shi zoben ka ga aiki. Wawa ya ɗauka hannu ana cire shi a sa a aljihu.

Washegari Laraba, ranar kasuwa, tasha ta cika da motocin Sakkwato da na Tawa. Ina tuya ina kallonsa. Ya fito da farcen yana ta cusa wa babban yatsansa, wanda ya yi kaurin taɓarya, abu ya ƙi wuce farcensa na Allah. Ya lasa, ya murɗa, ya ƙi. Sai na ga ya yi murmushin wanda dabara ta faɗo wa. Jibo ɗan mahauta ne, tun yana yaro yake gasa ƙaho a garwashi ya lanƙwasa ya yi ƙotar wuƙa. Kuma farcen nan kowa ya gan shi ƙaho zai ce, ni ma haka na ɗauka. Ya soke shi a tsinken tsire ya miƙa kan garwashin tukuba.

Na san dai ruwan ɗumi maigidan ke sa wa, ba wuta ba. Na buɗe baki in yi ihu, ban kai ga sunansa ba. Abin bai ma taɓa garwashin ba, sai fuu, wuta ta tashi doguwa kamar an watsa fetur, da wani wari mai hawa kai. Kafin Jibo ya yar da tsinken babu komai a kansa sai ɗan baƙi. Ashe wata irin roba ce da ba ta haɗa hanya da wuta.

Na bar ƙosai a mai na tsallaka, matsami a hannu.

"Mi ka yi? Jibo, mi ka yi, baƙin mugu?"

Yana tsaye yana kallon tsinken, gashin girarsa ya babbake. "Ƙaho ba shi yin haka," ya ce. "Wallahi ƙaho ba shi yin haka."

"Wa ya ce ma ƙaho na? Ka tambaya? Kai dai ka ga abu hannun ɗan'uwanka, ranka ya hana ka kwana. To ga shi nan, ci! Sa shi cikin tsire ka saida!"

Na zage shi, na zagi tukubarsa, na faɗi abin da ba zan maimaita ba. Mutane suka taru suna ba ni haƙuri, wani har yana cewa ai wasan taubasai ne. Da na koma, ƙosan ya ƙone ƙurmus.

A gida na gaya wa maigidan a tsaye, don na kasa zama. Ya saurara har na gama.

"Da wuta?" ya ce.

"Da wuta."

Ya ɗauki gwangwanin, ya busa cikinsa, ya rufe, ya mayar aljihu. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Ranar sunan, Jibo ya zo da jita a kafaɗa kamar ba abin da ya faru, ya miƙo wani zobe da ya sassaƙa da ƙahon sa. "Ga hwarcenka, ubangida. Wanga ma ya hi wancan ƙwari." Na ce wa maigidan kada ya je. Ya ce an riga an yi alkawari.

Na bi su, na tsaya cikin mata ta bakin zaure. Gidan Mahamudu ya cika, 'yan duwan, jandarmomi, malaman lakwal, wato makarantar boko, da matansu, an jera kujeru a inuwar itacen bedi. Maigidan ya sa zoben ƙahon, ya ɗaure fuska, ya fara. Ƙaho ba ya kama yatsa, zama kawai yake yi. Bai kai ko'ina ba zoben ya juya, ya gyara, ya sake juyawa, da ya zo share wayoyin sai abin ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon furar wani jandarma. Wurin ya kece da dariya. Jibo ma ya yi, har da buga kwalba.

Maigidan ya ci gaba da guntun yatsan haka nan. Ina ganin fuskarsa duk lokacin da tabon ya sauka kan waya. Manunin yana aikinsa, sirarun wayoyi suna fita tas, amma ƙasan kiɗan ya mutu, ɗuf, ɗuf, kamar ana buga buhu. Mutum biyun nan da ake ji, ɗaya ya tafi. Ya yi ƙoƙari har na ga gumi yana ɗiga daga haɓarsa kan katakon jitar. Sannan ya tsaya a tsakiyar waƙa, ya kwantar da ita kan tabarma, ya sa hannu cikin riga, ya fita ta gabana bai gan ni ba.

Jibo ya yi wuf ya ɗauka. Abin da ya shekara yana jira ke nan. Ya gyara zama, ya shiga kakkaɓe tabarmarsa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Mutane suka ɗan saurara don kunya, sannan hira ta tashi ta danne shi. Can Mahamudu ya aika a ɗauko garmaho daga ɗaki. Na tsaya sai da na ga an kunna shi Jibo yana tsakiyar kaɗawa, don ina son in gani da idona, kuma na ji daɗi.

Daga ranar ba wanda ya sake aikowa a zo da jita. Maigidan ya naɗa gammo ya shiga dako a tasha, yana loda buhunan albasar Galmi a motocin kudu. Na je wurin maƙeri, na je wurin baduku, kowa ya yi mini abin da ya iya, na ƙarfe, na fata. Na kawo, ya ƙi ko dubawa. Ya koma mutumin da ke zama a ƙofar ɗaki. Shi da Jibo suka daina gaisawa, a tasha ɗaya suke yini amma ko ido ba sa haɗawa. Gwaggo Tsahara kuwa duk wanda ya tambaye ta sai ta ce yaran nan wasa suke.

Cika-ciki ta zagayo. Ban ɗaure zakara ba, ban sayi komai ba, na ce in ya isa ya zo. Sai ga shi da hantsi, tsintsiya a hannu, jita a baya, uwarsa na biye tana ɗingishi. Maƙwabta suka fito, amma wannan karon ba mai dariya. Jibo ya sunkuya ya share tsakar gidan duka, tun daga bakin zaure har bayan murhu, ya kwashe sharar da hannunsa ya kai waje. Ya dawo ya durƙusa gaban tabarma, ya ajiye jitar, ya warware wata 'yar takarda.

Farce ne. Irin wanda ya ƙone sak, sai dai wannan ya fi duhu. Daga baya na ji cewa tun bayan sunan yake bin direbobin Legas yana kwatanta musu, yana cika su da tsire, wani ya kawo masa zoben mata, wani ya kawo maɓalli, sai a watan nan wani ya dace.

"Ga shi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Jitar ma ba ta da amfani wurina. Ƙadangaru ka kwana cikinta."

Maigidan ya ɗauki abin ya jujjuya shi. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kawo min ruwan ɗumi."

Ban san lokacin da na kai murhu ba. Na sirka, na gwada da yatsa, na ƙara sirkawa. A raina na yafe wa Jibo rabin laifinsa kafin in iso da kofin. Maigidan ya tsoma farcen, ya ɗan jira, ya fitar, ya sa a guntun yatsan ya matse. Ya kama tsam. Ya motsa yatsan sama da ƙasa, na ga manunin ya lanƙwashe da kansa yana neman waya. Jibo ya tura jitar har ta taɓa gwiwarsa.

"Ka yi shara?" in ji maigidan.

"Na yi."

"Ka yi ta da kyau kuwa. Ba a barin bawa shi tahi hannu wofi."

Ya zare farcen daga yatsa. Ya fito da gwangwanin nan da ya shekara a aljihunsa ba komai ciki, ya sa farcen, ya rufe, ya miƙa da hannun dama, hannun da ba ya miƙa wa kowa.

"Ga shararka."

Jibo ya ja baya. "Don Allah, Munkaila. Don girman Allah, kak ka yi min haka."

"Gwaggo," in ji maigidan, "ana maida shara?"

Tsohuwar ta dubi ɗanta, ta dubi ƙasa. Maƙwabta duk suna jiranta, su da suka ji abin da ta faɗa bara.

"Ba a maidawa," ta ce.

"To amshi. Wasa na, Gwaggo, ko ba haka ba?"

Jibo ya karɓa. Ya rataya jitarsa, ya manta da tsintsiyar, ya fita uwarsa na bin sa, ba wanda ya ce musu sai an jima.

Ni kuwa ban jira mutane sun watse ba. "Wa ka yi ma wanga?" na ce. "Shi ko mu? Ya shiga yatsanka, na gani da idona! Ka rama, to, ka rama, sai mi? Gobe ma albasa za ka ɗauka!"

"Albasa ta mutane ta," ya ce, "amma ba mai ce min da kayanshi na yi suna."

Ya ɗauki gammonsa ya nufi tasha. Bai sake taɓa waya ba har ya koma ga Allah, kuma Jibo bai sake zuwa shara ba.

Na ce ban taɓa son Jibo ba, kuma gaskiya ce. Amma a ranar nan ba shi na fi jin haushi ba. Na tsaya a tsakar gidan da aka share mini tas, na ɗauki kofin zan zubar, na ji ruwan bai ma huce ba.